Ranar da Rassa Suka Daina Fitowa Biyu-Biyu

Akwai wata mata da duk layinsu ba mai kiran ta da sunan yanka, sai dai Ungozoma. Rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo duniya, har da waɗanda yanzu suka yi gemu suna wuce ta a kan babur ko gaisuwa babu. Mace ce mai sanyin hannu da barkwanci, irin wadda in ta shiga ɗakin mai naƙuda sai ka ga har mijin da ke kai-komo a waje ya nemi wuri ya zauna. To, amma kada dariyar mutum ta ruɗe ku. Tun ranar da aka ɗaure mata ɗa, dariyar nan a leɓe ta tsaya, cikin kuwa garwashi ne.

Ɗan nata guda ne tak, Dogo ake ce masa, gyaran firji yake yi. Mijinta ya rasu ya bar musu gida da wani siririn fili a baya. Marigayin tufkar igiya ce sana'arsa, a filin yake shuka ramar da yake ɓare ɓawonta, kuma bayan ransa Ungozoma ba ta bar shukar ba, duk shekara sai ta zuba, masu igiya su zo su yanka. A ɗaya gefen filin akwai gidan ƙanin mijinta, Mai Famfo, da 'yar ƙofarsa ta baya mai buɗewa cikin shukar. Yana da 'ya ɗaya, Shalele, tela ce. Uwarta ta rasu tana jaririya, Ungozoma ce ta karɓi haihuwarta, ita ce kuma ta goya ta tare da Dogo.

Shekarar da abin ya faru, Mai Famfo ya kira Dogo ya ce, "Ɗana, na zuba wani sabon irin rama a ƙarshen fili, in ka dawo aiki ka riƙa ba shi ruwa." Wanda bai sani ba, in ya ga ganyen rama da na wiwi sai ya rantse uwarsu ɗaya. Dogo ya yi ta ɗibar ruwa yana kaiwa, har ranar da jami'an yaƙi da ƙwayoyi suka diro suka same shi da bokiti a hannu. Fili na ubansa, shi ne magaji, ga shi a tsakiyar shuka. A kotu Mai Famfo ya ɗaga hannu ya rantse bai taɓa taka filin ba. Har da share hawaye da hannun riga, wai ya sha yi wa yaron faɗa a kan abokan banza. Ungozoma na zaune a benci tana kallon bakinsa. Ba ta da abin da za ta nuna wa alƙali sai rantsuwarta, shi ma kuwa ya rantse. Aka yanke wa Dogo shekaru a gidan yari.

Aka kwana aka tashi, wata safiya tana shanya a filin ta taka wani abu mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. Ta tona da yatsan ƙafa, sai ga siririn baƙin bututu mai ƙananan huji, ya ɓullo ta ƙarƙashin katangar Mai Famfo ya bi kunyoyin ƙarshe. Ta sunkuya. Tsakanin ramarta ga wasu 'yan tsirrai sun yi shar, sun fi ramar ƙoshi. Ta tsinki ganye ta murza ta shinshina. Warin nan ta san shi, shi ne ya cika kotu ranar da aka kwance buhun shaida.

Ta gane lissafin Mai Famfo tsaf. Wannan karon ba ya bukatar mai bokiti, daga tsakar gidansa zai murɗa kan famfo ruwa ya zo da kansa. Kuma ya san ba za ta kai ƙara ba, don yanzu filin a hannunta yake, in an zo ita za a saka a mota. Hannunta har ya kama tsiro ɗaya za ta fizge, sai ta sake shi. In ta tuge me ta ci? Ya je ya shuka a wani wuri, Dogo kuma ya ƙarasa shekarunsa da sunan mai laifi. Ita ba ganyen take so ba. Mutumin take so, da hannunsa a kai, da bakinsa yana faɗa.

"Matar Yaya, an tashi lafiya?" Muryarsa ce daga saman tankin ruwan gidansa, inda ya hau wai yana ɗaure wani ƙarfe. "Ya idon?"

"Ido sai addu'a, ƙanena," in ji ta, tana laluben igiyar shanya kamar ba ta gan ta ba. "Jiya gishiri na zuba a shayi. Ko allura sai Shalele ta zura mini."

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "To ki rage shiga shukar nan, kada ki faɗi ki ja mana aiki. Na ma ja miki ruwa, don darajar marigayi."

"Kai dai ba ka gajiya da ɗawainiya," in ji ta, ta yi masa irin dariyar nan tata ta leɓe.

Ranar ziyara ta tafi gidan yari. Ɗaki ne dogo mai teburi a tsakiya da ragar ƙarfe, kowa na ɗaga murya don nasa ya ji shi. Ita sai ta matsa bakinta kusa da ragar ta yi ƙasa da murya ta gaya wa Dogo abin da ta gani. Ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Iya, a waje ban san komai a kan ganyen nan ba. A nan ciki na zama malami, rabin ɗakinmu manomansa ne. Yanzu yaya rassan suke fitowa?"

"Biyu-biyu. Wannan na fuskantar wannan, kamar yaro ya miƙa hannuwa a ɗauke shi."

"To yaro ne tukuna. Da wannan ma za ki raba shi da rama, ita ɗaya-ɗaya take fitar da nata tun tana ƙarama. Ki riƙa duba saman. In ya balaga zai daina biyu-biyu, wannan ya fito nan, wancan ya hau gaba kaɗan ya fito ta can, kamar matakalar bene."

"Sai kuma me?"

"Sai ki leƙa hammatar reshen, inda ya haɗu da kara. Mace za ta fitar da siririn farin gashi. Namiji kuwa 'yan ƙwallaye ne."

Nan Ungozoma ta yi dariyar gaske, ta farko a cikin dogon lokaci. "Ji ɗan nema! Ni yau za a koya wa raba namiji da mace? Kai da na..."

"Iya, mutane na ji." Ya rufe fuska da hannu, sannan ya ci gaba. "Matan ake so. Namiji in ya buɗe ya watsa garinsa, matan duk sun ɗauki iri, kaya ya lalace. Dole a tuge mazan kafin su buɗe, kuma mai shuka ba ya ba wa kowa wannan aikin, don in aka bar ɗaya an gama da shi. Na tuna wata safiya Baffa ya ce kada in shiga fili, wai zai yi feshi. Sai yanzu na gane."

"To ashe akwai ranar da zai shigo da ƙafarsa."

"Iya, don Allah ki tuge ki ƙone. In wani ya tsegunta kafin ranar, ke za su kawo. Ni na saba, ke fa?"

"Ni da nake jiran wata tara a kan cikin wasu, zan kasa jira a kan nawa?" Ta gyara mayafi ta miƙe. "Ka ci abinci. Wuyan nan naka kamar na zalɓe."

Daga nan shanya ta zama sana'ar Ungozoma. Wanki ko babu datti sai ta jiƙa zane ta fita da shi, tana tafe tana lalube, tana ƙorafin ido da ƙarfi yadda za a ji ta bayan katanga. In ta kai kunyoyin ƙarshe sai ta yar da abin maƙale kaya, ta sunkuya nema, idon nan nata da ke hango kan jariri a ɗaki mai duhu ya bi kara daga ƙasa zuwa sama, gaɓa bayan gaɓa. Biyu-biyu. Biyu-biyu. Shukar ta kai gwiwarta, ta kai ƙugunta, ta fara cika da rassa tana ture ramar gefe. Warinta ya fara tashi da rana, har wata maƙwabciya ta tambaya ko ɓera ne ya mutu a kwata. Ranar nan Ungozoma ba ta iya cin abinci ba. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai gabanta ya faɗi.

Shi kuwa Mai Famfo tankin nan nasa ya zama marar lafiyan da ba ya warkewa. Kullum yana sama da sifana a hannu, ido na ƙasa. Wani lokaci ya aiko mata da 'ya'yan itace ta hannun Shalele, wai a gaida matar Yaya. Ta karɓa ta sa albarka, in yarinyar ta fita ta zuba wa kaji.

Sai wata safiya ta ɗaga kai ta ga saman wata doguwar shuka ya sauya tafiya. Reshe ya fito ta dama shi kaɗai, na hagu ya hau gaba. Ta duba ta kusa da ita, haka. Ta sa yatsa ta buɗe hammatar reshen a hankali, yadda take buɗe zanen jariri, sai ga farin gashi siriri ya leƙo. Ta uku kuwa 'yan ƙwallaye ne kore, a dunƙule, ba su buɗe ba.

"Barka da arziki," in ji ta a ranta. "An samu maza, an samu mata."

Ranar ta ɗauki jakar aikinta kamar an kira ta haihuwa, ta zarce ofishin jami'an. Aka kai ta gaban wata Sufeto, mace mai ƙaramin jiki da kaifin ido, ta zayyana mata komai tun daga bokitin Dogo har zuwa bututun.

"Mama, kin san abin da kike faɗa kuwa?" in ji Sufeto. "Kin ce fili a hannunki yake, kin ga abin tun yana tsiro, kin yi shiru. In muka je ba mu samu kowa a ciki ba, ke ce tamu."

"Na sani, 'yata. Shi ya sa ban zo ba sai yau."

"In bai shigo ba fa?"

"Zai shigo. Mazan sun kusa buɗewa, shi ma yana gani daga sama. Abin da yake jira kawai in kauce."

"To mu ta ina za mu shiga gidanki bai gan mu ba?"

Ungozoma ta dube ta sama da ƙasa. "Gidana ba a tambayar mace mai ciki daga ina take. Kina da matashin kai?"

Da yamma ta tsaya jikin katanga ta kwaɗa wa Mai Famfo kira. "Ƙanena, gobe in ka ji ihu kada ka tsorata. Wata mai cikin fari za a kawo mini, an ce jaririn a gicciye yake. Ba zan ko leƙo waje ba sai abin da Allah ya yi."

"Allah ya raba lafiya," in ji shi, muryarsa har da zaƙi.

Da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka fito da Sufeto cikin zumbuleliyar riga, matashin kai a ƙarƙashi, ciki ya yi gaba, wani ƙato na riƙe da ita a matsayin miji, direba na biye da jaka. Ungozoma ta shigar da su ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon fili, ta saki labule ta bar 'yar kafa.

"Yi nishi, 'yata."

Sufeto ta yi wani ɗan guntun tari.

"Wannan ko akuya ba za ta yarda ba. Daga ƙasa za ki jawo shi. Ba ki taɓa haihuwa ba ne?"

"Uku, Mama."

"To tuna na farin."

Sufeto ta saki wani nishi da ya sa ƙaton ya cusa hula a baki don kada dariya ta kufce masa. Suka zauna. Rana ta ɗaga. Ta kafar labule Ungozoma na hango Mai Famfo a saman tanki, yau ko sifanar bai riƙe ba. Ya dubi filin, ya dubi motar da ke bakin ƙofa, ya sake duban filin. Ya daɗe yana kallon motar nan. Can ya sunkuya ya yi magana da wani a tsakar gidansa.

'Yar ƙofar baya ta yi ƙara ta buɗe. Wadda ta shigo Shalele ce, da buhu a hannu, igiyar awon ɗinki na rataye a wuyanta. Ta nufi kunyoyin ƙarshe tana 'yar waƙarta, ta sunkuya tana leƙa rassan, ta ɗaga kai ta ce, "Baba, masu ƙwallayen ka ce ko?" Ya ɗaga mata hannu alamar ta yi shiru, sannan ya gyaɗa kai.

"Ga mutum ya shigo, hannu a kan kaya," in ji Sufeto, ta fara zare matashin. "Mu je."

Ungozoma ta cafke wuyan hannunta. "Ba ita ba ce. 'Yarsa ce."

"Mama, wanda muka samu a kai shi muke ɗauka."

'Ya'yana, ba zan ɓoye muku ba, a daidai wannan lokacin wani abu ya taso wa Ungozoma daga ƙasan ciki, mai daɗi kamar ruwan sanyi. Ɗa a bakin ɗa. Ta sake hannun nan kawai, Mai Famfo ma ya ɗanɗana zaman benci, ya ga an tasa ƙeyar nasa. Yatsunta har sun fara sassautawa. Sai ta ɗaga ido ta dube shi a saman tankin. Ba 'yarsa yake kallo ba. Hannunta yake kallo, kada ta tuge mace a maimakon namiji. Mutumin da ya ji tsoron mota ya turo 'yar cikinsa, in an kama ta gobe zai sake ɗaga hannu a kotu, ya sake share hawaye da hannun riga, ya ci abincinsa ya yi barci. Ba nan ne zai ji ciwo ba.

"Ba ni ɗan lokaci," in ji ta. "Ki kunna wayarki ta ɗauki magana. In ban kawo miki shi ba, ki ɗauke ni."

Ta fita fuu, tana goge hannu da zane. "Ke Shalele! Ubanwa ya sa ki cikin ramata? Ina can ina fama da rai biyu, ke kina nan kina tattake mini kunya? Ajiye buhun nan! Wuce ki dafa mini ruwan zafi, maza!"

"Iya, Baba ne ya ce maganin..."

"In sake faɗa?"

Shalele ba ta taɓa ganin wannan fuskar ba. Ta yar da buhu ta shige gidan Ungozoma da gudu.

Ungozoma ta tsaya tsakiyar shukar, ta kama ƙugu, ta matsa ido kusa da wata ƙatuwar mace mai rassa ko'ina. "Wayyo ni! Ramar nan ciwo ya kama ta. Ji wani farin gashi kamar furfura. Bari in cire masu ciwon tun ba su shafa wa sauran ba." Ta kama gindin da hannu biyu, ta tuge ta har saiwa, ta wurgar.

"Matar Yaya!" Murya ta sauko daga tanki. "Bar shi, zan sa a duba miki. Koma wajen mai naƙuda."

"Me ka ce? Kunnen ma ya fara bin idon." Ta tsallake wani namiji mai ƙwallaye, ta shafa shi. "Wannan kam lafiyayye ne, har ya fara 'ya'ya." Ta kama mace ta biyu, wadda ta fi kowace tsawo, ta murɗe ta, karan ya yi ƙas.

Ta ji ƙarar tsanin ƙarfe, ta ji an diro. Sai ga shi a bakin 'yar ƙofa, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa, gumi na bin wuyansa. Bai shigo ba. Ya dubi tagar ɗakin baya. Daga ciki Sufeto ta saki wani nishi mai tsawo, Allah ya yi mata albarka.

"Yaya, don Allah ki bari. Ki bari na ce."

"Kai ma ka ga furfurar ko? Duk layin nan ya kamu." Ta tuge ta uku, ta huɗu, tana zaɓen masu ƙiba, tana tattake rassan da dunduniya. Ta ɗora hannu a kan ta biyar.

Bai san lokacin da ya faɗo filin ba. Ya ture ta gefe har ta dafa katanga, ya rungume shukar kamar an zo ƙwace masa jariri.

"Ke makauniyar ina ce? Matan kike tugewa! Matan! Kin bar mini mazan a tsaye!"

"Rama har da mace, ƙanena?"

"Wace rama? Wannan ya yi miki kama da rama? Ni na samo irin, ni na shuka, ni na ja ruwa, wata da watanni ina sama rana na dukana, ki zo ki kashe mini a safiya ɗaya!" Ya durƙusa ya ɗauki wadda ta fara tugewa yana ƙoƙarin mayar da saiwar cikin rami, yana tura ƙasa da tafin hannu.

"Au, naka ne? Ni na ɗauka ragowar na Dogo ne ya sake tsirowa. Ai shi ya iya wannan noman."

"Dogo!" Ya yi tsaki. "Dogo ya san me? Wancan ma ban ruwa kawai na sa shi, ko namiji da mace bai iya rabawa ba. Da shi ya shuka ai da ko..."

Nan maganar ta maƙale. Ya ga Ungozoma ta miƙe tsaf, ta daina lalube, ta zuba masa idanu biyu garau. Ya waiga. Mai naƙuda na tsaye a bakin ƙofar fili, ciki ya ɓace, waya a hannu. Mijin nata na ƙarya na kaɗa ankwa, direba ya riga ya tare 'yar ƙofar baya.

Ya yi wuƙi-wuƙi, shukar na hannunsa, ƙasa na zuba daga saiwar. Da aka maƙala masa ankwa sai ya juyo wajen Ungozoma.

"Yaya, don darajar marigayi. Ciki ɗaya muka fito da mijinki."

"Na sani. Shi ya sa na yi maka da rana, a gaban shaidu, ban yi maka yadda ka yi wa ɗansa ba." Ta kakkaɓe ƙasar hannunta. "Ku bi da shi ta babbar ƙofa, 'yata. Ta nan aka fitar da Dogo, layin nan kaf suna kallo. Kada a rage masa ko mutum ɗaya."

Da motar ta tafi, ta tarar da Shalele a madafa, tsaye gaban tukunyar da ruwanta ya kusa ƙonewa. Yarinyar ta ji komai ta taga.

"Iya, ya ce mini maganin hawan jini ne."

"Na sani."

"Da ba ki fito ba, da ni za su ɗauka?"

"Da ke za su ɗauka."

Shalele ta ce, "Na ga kin daɗe ba ki fito ba."

Ungozoma ba ta kawar da kai ba. "Na daɗe. Sauke tukunyar nan."

Yarinyar ta sauke. Ta koma gidan ubanta ta kulle ƙofa, sai da aka yi kwanaki kafin ta sake leƙowa, kuma ko da ta dawo, gaisuwar ba ta koma yadda take ba. Ungozoma ta ga haka, ta haɗiye, ba ta nemi a yafe mata ba.

Dangin miji kuwa sai ga su ayari guda, babbar yayarsu a gaba da sanda. Aka cika mata tsakar gida da haƙuri. Wai jini ɗaya ne, wai ta sassauta shaidarta, ta ce ba ta ji da kyau ba, tunda dai za a saki Dogo. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, ta saurare su har suka gaji.

"Gwaggon yara," in ji ta, "lokacin da aka ɗaure Dogo ban ga ayarin nan ba. Ko jinin a lokacin yana tafiya ne? Ku sha ruwa. Kunnena ras yake, haka zan gaya wa alƙali."

Haka kuwa ta gaya masa. Aka kunna wayar Sufeto a kotu, muryar Mai Famfo ta cika ɗakin tana ihun matan, matan, har wasu suka kasa riƙe dariya. Lauya ya ɗauko shari'ar Dogo aka sake dubawa. An ja lokaci, don abin kotu ba ya sauri, amma ranar ta zo da aka wanke Dogo, aka yanke wa baffansa nasa. Alƙalin, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya dubi Ungozoma ya tambaya ko tana da abin cewa.

Ta miƙe. "Ranka ya daɗe, abu ɗaya ne. Shekarun da yaron nan ya yi a ciki ba nasa ba ne, na wancan ne. A ɗauko su a ɗora masa a kan nasa."

Alƙali ya sauke tabarau. "Mama, doka ba ta yin haka."

"To," in ji ta. "Na dai faɗa, an kuma rubuta."

Ta kama hannun Dogo. Hanyar fita ta gaban akwatin masu laifi da Mai Famfo ke tsaye a ciki ta bi, Dogo ya so su zaga ta baya, ta ja shi suka bi ta gaban, a hankali, ba ta gaggauta ko taku ɗaya ba.